Tantin Malama

Shekara arba'in da ɗaya ina kan keken ɗinki, kuma ban tuna ranar da na taɓa ce wa mai kaya ba zan iya ba. Abin da nake cewa shi ne, "Ka dawo gobe." Duk wanda ya taɓa kai wa tela yadi ya san wannan goben, ba a samunta a kalanda. Mutanen layinmu sun haƙura da ni ne don hannuna na da kyau. In na gama maka riga ka sa a jiki, sai ka manta da zagin da ka taho da shi. Amma wadda ta fi kowa shan goben nan tawa ita ce matata.

Malamar firamare ce, shi ya sa kowa yake ce mata Malama, har ni da na aure ta. Duk shekara takan kai 'yan ajinta wani gandun daji da ke bayan gari, inda akwai tafki, su wuni su dawo kafin rana ta faɗi. In ta dawo sai na kwana uku ina jin labarin tsuntsaye. Wata rana sai ga ta a shago, ta dire mini ɗaurin koren tamfol a kan teburin yanka, har allina ya faɗi ƙasa ya karye.

"Maigida, tanti za ka ɗinka mana," in ji ta. "In na yi ritaya bakin tafkin nan za mu je mu kwana, ni da kai. Ba yara, ba keke."

"Mutum da gidansa da gadonsa ya je ya kwana a jeji kamar wanda aka kora?"

"Za ka ɗinka, ko in kai wa telan kasuwa?"

Ta san inda take taɓa ni. Na ce ta bar shi, gobe zan auna. Tamfol ya shekara tara a ƙarƙashin tebur ina ɗora masa ƙyallaye.

Malama tana da wata gajeriyar addu'a da take yi kullum in za mu kwanta. Takan ɗora hannu a kan makunnin fitila ta ce, "Ubangiji Yesu, mun ajiye namu aikin. Gadi naka ne." Sai ta kashe. Ni kuwa in ce amin, wani lokaci ma barci ne ke ƙarasa mini amin ɗin. Shekara talatin da takwas muna haka, ban taɓa tsayawa na saurari abin da take faɗi ba.

Wata takwas bayan ta yi ritaya, ta yi addu'ar nan kamar kullum, ta kashe fitila, ba ta farka ba. Da safe da na ga ba ta motsa ba har tsokanarta na yi, na ce Malama an kaɗa ƙararrawa, yau ke ce kika makara. Na je na dafa shayi na dawo da kofi biyu. Likita ya ce zuciya ce, kuma tun wajen tsakar dare abin ya faru. Ke nan na yi awa shida kwance a gefenta ina munshari, ban san komai ba. Wannan ne abin da ya tsaya mini a rai ya ƙi wucewa.

Ni na ɗinka farar rigar da aka sa mata cikin akwati. Ban so a ji ƙarar keke a gidan makoki ba, don haka da hannu na yi, da zare biyu, ɗinki ƙanana a jere kamar haƙoran mataji. Ita ce riga ɗaya tilo da na taɓa yi mata ban ce gobe ba.

Tun daga ranar da baƙi suka watse ban sake kwana a ɗakinmu ba. Zan faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, tsoro nake ji. Ba tsoron fatalwa ba, Malama ko da ranta ba ta tsorata kowa sai masu makara. Barcin kansa nake tsoro. Ana cewa barci ƙanin mutuwa ne, to ni na ga yadda yayar ta biyo ƙaninta har kan gadona. Da na rufe ido cikin duhu sai in ji kamar za a sake ɗauke wani abu ban sani ba. Shagona a jikin gida yake, ta wajen titi, sai na tare a can. Ƙwan lantarki a kunne har safe, rediyo na ta surutu, ni ina kan kujerar keke ina gyangyaɗi. In an ɗauke wuta ina da fitilar caji biyu da tocila.

Ban daina zuwa coci ba, ban daina waƙa ba, amma addu'ar Malama bakina ya ƙi ta. A raina ina cewa, ai a daren ma ta faɗa, ga kuwa gadin da aka yi.

Wata bakwai ina haka. Barcin da na hana kaina da dare ya riƙa farautata da rana. Fasto ya ce ni kaɗai ne mutumin da ke amincewa da wa'azinsa tun bai fara ba, don kaina ba ya daina gyaɗawa. Maƙwabcina Mai Walda, wanda rumfarsa ke jingine da shagona, ya ce tunda na zama maigadin layi in riƙa duba masa ƙarafunsa. Na taya su dariya. Amma na yanka wa mutum hannun riga biyu duk na hagu, na sa wa wando aljihu a juye. Sai kuma ranar da barci ya sace ni keke na gudu, allura ta shiga yatsana ta fita ta ɗaya gefen.

Mai Walda ne ya buga wa Auta waya. Auta ita ce ƙaramar 'yarmu, nas ce a wani asibiti a gari na gaba, kuma ta ɗauko bakin uwarta tsaf. Ta wanke yatsan ta naɗe. Sannan ta shiga cikin gida, ta ga ƙura a kan gado, ta fito.

"Baba, yaushe rabonka da ɗakin can?"

"Aiki ne ya yi yawa."

"Wane aiki? Na hannun riga biyu na hagu?" Mai Walda dai ba ya riƙe magana. "Baba, ni ba yarinya ba ce. Yau yatsa ne, gobe titi za ka tsallaka kana barci. Daga nan zuwa ƙarshen wata, in ba ka koma kwana a gadonka kamar kowa ba, zan zo da mota mu rufe shago ka dawo wurina. Na riga na share maka ɗaki."

"Ni za ki rufe wa shago?"

"Gara in ga shago a rufe da in ga…" Ba ta ƙarasa ba. Ta juya tana haɗa kayanta cikin jaka.

Shagon nan shi ne abin da ya rage mini da nake tashi dominsa. Na san ranar da aka sa masa kwaɗo zan zama tsohon da ake ajiyewa a falo ana kunna masa talabijin. Bayan ta tafi na durƙusa in goge jinin da ya zuba, sai na ga ashe a kan tamfol ɗin Malama ya sauka, ɗigo uku.

Na jawo shi na kakkaɓe, na daɗe ina kallonsa. Alkawari kaya ne, kuma wannan kam ya daɗe a kaina. Masu iya magana sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni nawa tsoron a gida ya tare, sai na ce bari in kai shi can inda aka ce garinsu ne. In na iya kwana ɗaya ni kaɗai a bakin tafkin nan, ɗakina ba zai gagare ni ba. In kuwa na kasa, Auta ta zo da kwaɗonta.

Kwana huɗu na yi a kansa da yatsa a naɗe. Ban taɓa ɗinka tanti ba, don haka na ɗinka shi yadda na iya, wato kamar riga. Na yi masa kalmasa mai kyau a ƙasa, na bi kowane ɗinki sau biyu don kada ruwa ya shiga, kuma ban bar masa taga ko ɗaya ba. Da na zo ƙofa ba ni da zif mai tsawon haka, sai na jera masa manyan maɓallan kwat guda goma sha biyu. Mai Walda, da ya yanko mini sandunan ƙarfe, ya tsaya yana kallo, ya ce saura wuya da aljihu sai a sa wa giwa ta tafi ofis.

Na kira Auta na gaya mata. Ta ce, "Baba, ɗaki ya gagare ka, jeji ne za ka iya?" Na ce ta zo ta ɗauke ni ranar Asabar da ƙarfe takwas na safe, abin da ta tarar shi zai raba mana gardama.

Ranar Juma'a da rana Mai Walda ya kai ni a motarsa ta ɗaukar ƙarfe. Ma'aikacin gandun ya nuna mana wani fili a gindin manyan itatuwa, taku kaɗan daga ruwa. Ya ce ɗakinsa na can tafiyar minti ashirin, waya ba ta kamawa a nan, kuma babu dabbar da za ta ci ni sai sauro. Muka kafa sanduna, muka ja igiyoyi, tanti ya tsaya. Mai Walda ya sosa ƙeya.

"Tela, in ka fasa mu juya, ba wanda zai ji daga bakina."

"Bakinka da ya fi rediyona isa nesa? Kama hanya."

Na tsaya ina jin ƙarar motar har ta ɓace. Daga nan sai shiru, irin shirun da rabona da shi wata bakwai.

Gaskiya Malama ba ta yi ƙarya ba. Ruwan ya kwanta luf, iska na ɗan kaɗa ciyawar bakinsa. Wani farin tsuntsu mai dogayen ƙafafu ya tsaya wuri ɗaya kusan rabin awa bai motsa ba, har na fara jin kunyar gaggawata. Agwagin ruwa suka zo suka wuce a jere, uwa a gaba. Na zauna a kan dutse, na zuba shayi daga fulas, na gutsiri burodi. Na kama kaina ina juyawa gefe in ce mata ki ga wancan. Na yi kuka kaɗan, ba mai ɗaci ba, na share fuska da hular kaina. Da a ce rana za ta tsaya a inda take, da na ce na warke.

Amma ta faɗi. Ban taɓa sanin duhu na da sauri haka ba. A gari duhu yakan tarar da fitilu sun riga shi, a nan kuwa babu mai tare shi. Itatuwa suka haɗe suka zama abu guda. Kwaɗi suka fara, gyare ya karɓa. Na kwashe fulas da bargo na shige tanti, na manta da ledar burodi a kan dutse. Na sa maɓallai goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, na kunna tocila na rataye ta a sandar sama. Na duba agogo, ko takwas ba ta yi ba.

A nan ne aikina ya tona mini asiri. Maɓalli yana rufe riga ne don akwai jiki a ciki da ke cika ta. A ƙofar tanti kuwa, tsakanin kowane maɓalli da ɗan'uwansa sai baki ya buɗe, hannu zai iya shiga. Baki goma sha ɗaya na ƙirga, kowanne baƙi ƙirin. Ina zaune ina kallonsu sai na ji motsi a ciyawa. Ba iska ba ce. Taku ne mai nauyi, a yi biyu a tsaya. Can sai huci, dogo, dab da bayan tanti. Igiya ɗaya ta girgiza, sandar sama ta motsa, tocila ta shiga lilo.

Ban san lokacin da hannuna ya kai ga hula ba. Kowane tela na da allura a soke a wani wuri a jikinsa, tawa a hula take, zare kuma a aljihu. Na zura zare biyu, na haɗa leɓɓan ƙofar, na fara ɗinkewa daga sama. Ban yi tunani ba, hannu ne kawai ke aikin da ya sani. Na bi baki na farko, na biyu, na uku, har ƙasa. Yatsan da ke ciwo ma ban ji shi ba. Na ɗaure, na ciji zare na tsinke. Sannan na ja da baya na zauna a tsakiya na rungume gwiwa.

Tamfol ba ya numfashi, wannan kowane tela ya sani. Ba taga, ba ƙofa. Kafin rabin awa gumi ya jiƙa mini riga, iskar ciki ta yi nauyi, ina ja tana ƙin cika ƙirji. Abin da ke waje bai tafi ba, yana zagayawa yana huci. Na ɗaga ido na dubi ƙofa in tabbatar ɗinkin na nan, hasken tocila ya sauka a kansa, sai jikina ya yi sanyi. Ɗinki ƙanana a jere, da zare biyu, kamar haƙoran mataji. Sau ɗaya tak na taɓa yin irinsa. Hannuna ya tuna abin da ni nake gudun tunawa, ya ɗinke ni da irin ɗinkin da na yi wa rigar Malama ta ƙarshe.

Na daɗe ina kallonsa. Ga ni da raina, da lafiyata, na ɗinke kaina a ciki da hannuna. Kuma ba yau na fara ba, wata bakwai ke nan ina wannan ɗinkin, yau ne dai na gan shi da ido.

Sai na yi magana, da murya a fili, karo na farko tun rasuwarta. Ba addu'ar coci ba ce mai tsari, ƙorafi ne. Na ce, "Ubangiji, ina fushi da kai. Ta ce gadi naka ne, na ce amin, na yi barci saboda na yarda da kai. Ina kake?" Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita wa Fasto ba. Ba tsawar da ta sauko, ba murya daga sama. Kwaɗi suka ci gaba da abinsu. Amma da na amayar da abin da ke cikina sai na ji wuri ya samu a ƙirjina, har na iya yin tunani.

Abin da ya faɗo mini shi ne shagona. A bangon shagon akwai igiya da nake rataye kayan da na gama. Wata rigar takan yi wata shida a can, in saba da ita, in riƙa kakkaɓe mata ƙura. Rana ɗaya mai ita ya shigo ba sanarwa ya ce ya zo karɓa. Ban taɓa ce masa ɓarawo ba, ban kuma taɓa cewa rigar ta ɓata ba. Na san hannun da ta koma. Malama da bakinta ta miƙa kanta a daren nan, kamar yadda ta saba yi kowane dare, kuma wanda ta miƙa wa shi ya karɓa. Ba sace ta aka yi ina barci ba. Ko da idona biyu, me zan tare? Ni da na yi wata bakwai ina gadi, ban iya tsare ko yatsana ba.

Na ce, "Yesu, na gaji. Aikin nan ba nawa ba ne, na ɗauka ya fi ƙarfina. Har yanzu tsoro nake ji, kana gani. Ka riƙe ni haka nan da tsoron nawa."

Ban zo da almakashi ba, kuma ko da reza ba zan yaga tamfol ɗin Malama ba. Sai na ɗauki allurar nan da ta yi ɓarnar, na sa bakinta a ƙarƙashin ɗinkin ƙarshe na ɗago zare. Duk tela ya tsani warwara, ta fi ɗinki cin lokaci, ga ta kuma shaida ce cewa ka yi kuskure. Ɗaya bayan ɗaya na riƙa zarewa, daga ƙasa zuwa sama. Abin da ke waje yana nan, ina jin numfashinsa, ban san ko mene ne ba. Sau biyu allura na faɗuwa ina lalubo ta. Duk bakin da ya buɗe sai iska mai sanyi ta shigo ta taɓa mini fuska. Da na kai sama na ɓalle maɓallan duka, na kama leɓɓan ƙofar na buɗe.

Jaki ne. Tsohon jaki mai guntun igiya a wuya, ya tura baki cikin ledar burodina. Ya ɗago ya dube ni, ya ga ba ni da wani amfani, ya ci gaba da taunawa. Igiyar tantin kuwa da ita yake sosa gindi. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, hawaye na zuba. Gani ya kori ji. Amma ina so a rubuta mini wannan a inda ake rubutawa, na buɗe ƙofar tun ban san jaki ba ne.

Na fito na miƙe tsaye. Ashe duhun ba baƙi ƙirin ba ne kamar yadda yake daga ciki. Taurari sun cika sama har sun zubo cikin tafki, ana ganin bakin ruwa, ana ganin itatuwa ɗaya-ɗaya. Wannan ne abin da Malama ta so in gani, ta jira shekara tara. Na ce mata ta yi haƙuri, tela ya kawo kaya a makare. Na daɗe a tsaye har sanyi ya fara shiga ƙashina.

Na koma ciki, na naɗe leɓɓan ƙofar gefe da gefe na bar ta a buɗe. Na shimfiɗa bargo na kwanta, ƙafafuna wajen ƙofa. Tocila na rataye tana ci. Na miƙa hannu na ɗora yatsa a kan makunninta, zuciyata na bugawa. Na ce, "Ubangiji Yesu, na ajiye nawa aikin. Gadi naka ne." Babu mai ce mini amin, sai na ce da kaina. Na kashe.

Abin da na sani bayan wannan shi ne ana jijjiga ni da ƙarfi ana kiran Baba, Baba. Na buɗe ido, rana ta take sosai, Auta na durƙushe a kaina ta riƙe mini kafaɗu biyu, fuskarta sharkaf da hawaye. Ta iso tun takwas saura, ta hango ƙofa a buɗe, ƙafafuna a miƙe ba motsi. Ta kira sau uku daga nesa ban amsa ba. Ita da take nas, ko bugun jini ba ta tuna ta taɓa ba.

"Lafiyata ƙalau, Auta. Barci nake."

"Barci?" Ta dake ni a ƙirji da tafin hannu, irin dukan da take mini tana ƙarama. "Barci kake, Baba? Ka san abin da na gani?"

Na sani. Babu wanda ya fi ni sani a duniya. Na tashi zaune na jawo kanta na ɗora a kafaɗata, ta yi kuka mai isarta. Da ta lafa sai ta faɗa mini abin da ban taɓa tambaya ba. Tun rasuwar uwarta ba ta wuce ƙarfe huɗu tana barci. Takan farka ta riƙe waya a hannu tana jiran mugun kira. Ɗakin da ta share mini jikin nata yake, bango ɗaya ne tsakani.

"So nake in riƙa jin tarinka da dare," in ji ta. "In san kana nan."

Ashe mu biyu ne muke gadin, kowa a garinsa, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa. Na ji kunya, na kuma ji tausayinta ƙwarai. Ina can ina fama da nawa tsoron ban ga na 'yata ba.

Ta share ido, sai ta lura da ƙofar. Ta bi layin ƙananan ramuka da yatsa tun daga sama har ƙasa, ta tsinci guntun zare.

"Wannan fa?"

"Kuskuren tela ne. Na warware."

Muka raba sauran shayin da ya huce a murfin fulas, burodi kuwa na ce mata wani baƙo ya riga mu. Na ba ta labarin daren duka, ban rage komai ba, har faɗan da na yi da Ubangiji. Ta yi dariyar jakin har ta ƙware. Da muka naɗe tanti muka sa a mota ba ta sake zancen kwaɗo ba. Ta dai ce in yi wa tantin nan taga kafin ya kashe wani, kuma in an sake zuwa da ita za a zo. Na buɗe baki zan ce gobe, na kama kaina, na ce ranar Litinin.

Da yamma na rufe shago da hannuna, na kashe ƙwai da rediyo. Mai Walda ya leƙo ya ce to yanzu wa zai duba masa ƙarafuna, na ce akwai mai dubawa. Na share ɗakinmu, na canza zanen gado, na bar matashin Malama a inda yake. Ba zan ce ban ji komai ba, gabana ya faɗi da na zauna a bakin gadon. Ƙarfe tara na kira Auta kamar yadda muka shirya.

"Kin kwanta?"

"Na kwanta, Baba. Hannuna na kan makunni."

"To faɗi, ke ce mai muryar uwarki."

Na ji ta ja numfashi. Sannan ta ce, "Ubangiji Yesu, mun ajiye namu aikin. Gadi naka ne."

Na ce amin. Na ji ƙarar makunninta ta cikin waya, sannan na kashe tawa fitilar.